Lalita da Likkafani: Tafiyarmu Kaulaha ta Ƙasa

Ranar da Baffa ya ce zai je Mauludin Kaulaha, can Senegal, ta ƙasa, kowa a gidan ya yi tsit. Ba wanda ya manta abin da ya faru a farkon shekarar 2023, lokacin da aka kashe 'yan Najeriya fiye da goma sha biyar a cikin Burkina Faso suna kan hanyar ziyara irin wannan. 'Ya'yansa suka ce za su haɗa masa kuɗin jirgi, ya ce su ba wani mabuƙaci, shi tun yana da baƙin gemu ƙasa yake bi. Shekarunsa sun haura saba'in. Da aka ga ba ya lanƙwasuwa sai aka shiga neman ɗan rakiya, ni kuwa na ce zan je.

Kada in yi wa kaina ƙarya, ba don Allah zalla na tashi ba. Sana'ata shadda ce, kuma na daɗe ina son in taka Bamako da ƙafata in saro galila daga hannun masu rini. Na haɗa jarina, na karɓi adashin mai ɗakina, abokan kasuwa biyu suka ba ni sautu. Da na canza duka, suka tashi sefa miliyan biyu da 'yan kai, a lokacin da jaka ɗaya, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu da ɗari biyar. Na jera su a lalita, na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin singileti. Tun daga daren nan ban ƙara samun cikakken barci ba.

Mun tashi ranar Juma'a, 6 ga Satumba 2024, a doguwar bas mai cin mutum hamsin da wani abu. Tsohuwar hanya ita ce ta Maraɗi, Yamai, Fadan Gurma, amma madugun tafiyarmu ya ce ko kyauta aka ba shi mai ba zai bi ta gabashin Burkina ba. Sai muka yi zagaye, muka gangara ta Suleja, Bida, Mokwa, muka haye gadar Jebba, daga Ilori muka nufi iyakar Cikanda. A kan wannan ɓangaren ba ni da abin faɗa sai ramuka da ciwon baya.

Daga Nikki zuwa Paraku zuwa Zugu, a cikin Jamhuriyar Benin, Baffa ya wartsake. Ya ce wannan ita ce hanyar fataken goro, waɗanda suke tasowa daga ƙasar Hausa da jakuna, su bi ta Nikki da Zugu da Sansanin Mango har Gwanja, su yi watanni ba su ga gida ba. Har yanzu in ka sauka a zangon Zugu ka yi sallama, da Hausa za a amsa maka. Ina jin labarin da kunne ɗaya. Hankalina yana kan shinge na gaba.

Shingayen ba su ƙirguwa. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina: mota ta tsaya, yaron mota ya tattara fasfo da katin rigakafin shawara, a kai wata rumfa, a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wani wuri jaka ɗaya, wani wuri jaka biyu, a bakin iyaka har biyar, ko takardarka ta cika ko ba ta cika ba. Da madugu ya ga ana ɓata lokaci sai ya ce kowa ya zuba jaka ashirin a hannunsa, shi zai riƙa sallamar masu kaki. Kafin Bamako sai da aka sake zubawa. Ni dai duk sanda aka kira sunana sai in ji lalitar ta yi nauyi kamar dutsen niƙa, ina tafiya ina jan riga ƙasa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Muka shiga Togo ta wajen Kara, muka kwana a harabar wani masallaci, muka yi arewa ta Mango da Dapango. Lardin nan tun 2022 yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kuma kana ganin alamar hakan a fuskar sojojin da ke bakin titi. Ranar Litinin da hantsi muka iso Sinkase, garin da rabinsa Togo rabinsa Burkina Faso.

A nan aka ce kowa ya sauko da jakarsa ya jera a ƙasa. Wani jami'i dogo, matashi, ya riƙa bi yana zazzagewa. Da ya zo kan ta Baffa sai ga riga biyu, ƙaramin Alƙur'ani, dabino, maganin hawan jini, sai wani ƙunshi a leda. Ya kwance, farin yadi ya warware har ƙasa, ƙamshin turare ya tashi. Ya ɗauka hajar sayarwa ce, ya yi magana da Faransanci, yaron mota ya ce, "Baba, wai wannan na mene ne, nawa ka saya?"

Baffa ya ce, "Gaya masa likkafanina ne. In ta Allah ta kasance a ƙasarsu, ba na son in ɗora wa kowa wahala."

Yaron ya fassara. Jami'in ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Sai ya tsuguna, ya kaɗe ƙurar da ta taɓa bakin yadin, ya ninke shi da hannu biyu a hankali, ya mayar cikin ledar, ya zuge jakar da kansa. Bai ƙara taɓa komai na Baffa ba. Ni kaina ɗan ƙaninsa, kwana uku muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ban san da yadin nan ba. Da aka zo kaina, ba a ma laluba jikina ba, amma gumin da nake yi ya sa mutumin ya tambaya ko zazzaɓi nake.

Daga Sinkase zuwa Bitu zuwa Tenkodogo ne wurin da aka fi yi mana kashedi. Direba ya kashe rediyo, masu ƙasida suka yi shiru, ba ka jin komai sai ƙarar inji da ƙwal-ƙwal ɗin carbi. Duk babur ɗin da ya ɓullo daga daji sai wuyan kowa ya juya. Na ga ƙauyuka biyu da babu ko kaza a cikinsu, ga gero ya yi kyau a bayan gida, babu mai shi. Na waiga in nuna wa Baffa, sai na tarar ya jingina kai da taga, baki a ɗan buɗe, yana minshari.

Abin ya ba ni haushi, ba na ɓoyewa. Da ya farka wajen Kupela na ce, "Baffa, a wannan dajin kake barci?"

Ya dube ni, ya dubi ƙuguna. "Ɗana, me ka ɗaura a nan?"

"Kuɗin mutane ne, Baffa."

"Kai ka ɗaura su, ko su suka ɗaure ka?"

Ban amsa ba. Ya kawo mini hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wani zamani zai zo da za a jefa rauni a zukatan mutane, da aka tambaye shi mene ne raunin, ya ce son duniya da ƙin mutuwa. Baffa ya ce in lura, abu biyun a haɗe suka zo, don igiya ɗaya ce. Gwargwadon abin da ka ƙanƙame, gwargwadon yawan ƙofofin da tsoro zai shigo maka. A raina na ce faɗa da sauƙi ga wanda ya aurar da 'ya'yansa duka, ba a bin sa ko sisi. Ni ina da yara huɗu, babbar ba ta gama firamare ba.

Wagadugu muka kwana a tasha, garin babura da kekuna, har tsofaffin mata kowa da nata. Na ci shinkafa da wake a wajen wata mata na sefa ɗari biyar. Washegari muka yi kilomita wajen 360 zuwa Bobo Julaso, inda tsohon masallacin nan na ƙasa yake, mai itatuwa a soke a jikin bango.

A Bobo ne wani abu ya faru da ya rikita mini lissafi. Akwai wani Alhaji daga Maiduguri a kujerar bayanmu, mai raha, shi yake raba mana goro. Da ya sa sabon layi a wayarsa sai saƙonni suka yi ta shigowa. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ranar 10 ga Satumba gari ya waye cikin ruwa. Gidansa ya nutse, shagonsa ma haka, kuma wayar matarsa ba ta shiga. Na ga babban mutum ya zauna daɓas a ƙasa. Sai bayan la'asar ya samu labarin iyalinsa sun tsira da kayan jikinsu. Ya ce zai juya. Wasu 'yan zafin kai a motar suka fara cewa ai wanda ya fito don Allah ba ya waiwaye, duniya ce take kiransa. Na zaci Baffa zai goyi bayansu. Sai ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba, ya ce, "Ku yi mana shiru! Shago duniya ne, iyali amana ce. Wanda ya gudu ya bar amana ba duniya ya guda ba, Allah ya guda." Ya kwance bakin aljihunsa, ya raba ɗan guzurinsa biyu, ya damƙa wa mutumin rabi. Ni mai miliyan biyu a ƙugu jaka biyar na bayar, ita ma sai da na juya baya kafin in zaro.

Ta Orodara muka shiga Mali, muka wuce Sikaso da Buguni, muka iso Bamako daren Laraba. Madugu ya ba da kwana ɗaya don a duba mota, ni kuwa abin da nake jira ke nan.

Kogin Kwara ne ya raba birnin biyu, su suna ce masa Joliba. Wani dattijo Bahaushe da iyayensa suka zauna can tun da daɗewa shi ya zama fatomana, ya zaga da ni. Abin da ya fara ba ni mamaki, a wajenmu marina ta maza ce, a can kuwa mata ne ke rini, hannu cikin safar roba har gwiwar hannu, shadda kala-kala a shanye kan igiya da katanga. Masu bugu dai maza ne kamar namu, har sautin dukan iri ɗaya. Lissafin kuɗinsu ya kusa kayar da ni, don da dala, wato sefa biyar, suke ƙirga kamar mutanen Nijar. In mai kaya ta ce keme, wato ɗari, sefa ɗari biyar take nufi. Ba don fatoma ba da na sha kunya. Kafin magariba lalita ta koma fanko, kuɗi sun zama dila biyu na galila. Muka ajiye su a ɗakin ajiyarsa kusa da tashar Sogoniko, a kan in ɗauka in mun dawo.

Daren nan na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ce to, ga zuhudun da Baffa yake faɗa, na samu a sauƙaƙe. Ashe tsoro bai tafi ba, masauki ya canza. Kafin mu wuce Kati na fara tunanin ko rufin ɗakin yana yoyo, ko mutumin nan da na sani jiya-jiya mai amana ne.

Bamako zuwa Kayi kilomita wajen 600 ne, ta Kolokani da Jema, kuma daminar shekarar ta cinye titin. Bayan mun wuce Jema, rana tana shirin faɗuwa, sai tururi ya turnuƙe gaban mota. Lagireto ya fashe. Babu gari, babu sabis, sai ciyawa mai tsayin mutum hagu da dama. Manyan motoci biyu suka wuce mu ba su ko rage gudu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Direba ya tura yaron mota da wani saurayi mai jin Bambaranci su bi titi da ƙafa ko za su samu ƙauye. Sannan ya kafa doka: ba kunna fitila, ba hasken waya, ba zikiri da ƙarfi.

Muka yi magariba da isha a haɗe, da taimama, don ruwan da ya rage na sha ne. Sauro ya sauko mana kamar an aiko shi. Wata Hajiya tana kuka ƙasa-ƙasa tana kiran sunayen 'ya'yanta. Baffa ya shimfiɗa buzunsa a gefen kwalta, na zauna kusa da shi, haƙorana suna haɗuwa alhali ba sanyi ake yi ba.

Ya ce, "Yanzu kuma ai babu lalita. Me ya rage?"

Na ce, "Raina, Baffa. Da yarana. Da kuɗin mutane. In na mutu a nan ba wanda ya san inda kayan suke. Za a ce na ci amana."

Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce wannan na ƙarshen tsoro ne mai kyau, kuma yana da magani. Ya tambaye ni ko na rubuta wasiyya kafin in fito. Na ce a'a, ai kamar kiran mutuwa ne. Ya yi 'yar dariya, ya tuna mini hadisin Ibnu Umar, cewa bai kamata Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Sai ya faɗa mini abin da ya yi kafin mu taso. Ya biya mai kanti ɗan bashin sukari, ya mayar da littafin da ya ara shekara uku, ya je har gida ya nemi gafarar wani maƙwabci da suka yi sa-in-sa a kan kwata, ya nuna wa babban ɗansa takardun gona. "Ba jarumta ce ke sa ni barci ba, ɗana," in ji shi. "Na sallami kowa ne. Wanda ya gama sallama, tsayuwar mota ba ta dame shi ba."

Na lulluɓa da mayafinsa don kada haske ya fita, na juya bayan rasiɗin shadda na fara rubutu. Nawa ne na mai ɗakina, nawa ne na abokan nan biyu, ina kaya suke, lambar fatoma, wa nake bi, wa ke bi na, wa nake son ya riƙe yara. Na kwafe shi a waya na tura wa ƙanena, saƙon ya tsaya yana jiran sabis. Da na gama na duba takardar. Abin da ya hana ni barci mako guda bai cika rabin bayan rasiɗi ba. Na daɗe ina kallonta. Duk abin da nake kira nawa, da na zo rubutawa, sai na ga kowane layi sunan wani ne a ƙarshensa. Hatta yaran, abin da na iya rubutawa shi ne hannun da za su koma.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare muka hango fitilu uku suna tahowa daga yamma. Babura. Abin da kowa yake tsoro ke nan. Wasu suka faɗa cikin ciyawa, wasu suka shige ƙarƙashin mota, Hajiyar nan ta toshe bakinta da gyale. Ni ban motsa ba, kuma ba don ƙarfin hali ba, gwiwoyina ne suka ƙi. Amma ga abin da na lura da shi, wanda har yau nake juya shi. Jikina yana rawa, zuciyata tana bugu, sai dai surutun nan na cikin kai, wa zai biya wane, me za a ce, ina za a samu, ya ɗauke ɗif. Wuri ya samu, kalmar shahada ta zauna daram a bakina, ina jin ma'anar kowace kalma. Baffa ya kama hannuna, nasa a bushe, da ɗumi.

Sai muka ji muryar yaron mota yana kiran direba. Shi ne ya dawo da makaniki da samarin ƙauye, da jarkokin ruwa, har da ƙwaryar nono da wata tsohuwa ta aiko wa baƙin da ba ta taɓa gani ba. Dariyar da aka yi a wurin rabinta kuka ce. Wani malami da ya fi kowa wa'azin tawakkali tun daga Ilori sai da aka yi ta kira kafin ya fito daga ciyawa, ƙaya ta yage masa riga. Ban yi masa dariya sosai ba, na san abin da ya hana ni bin sa. Kafin a gama ɗaure lagireto na kwanta a kan tsakuwa, na yi barcin da ban yi irinsa ba tun gida.

Kayi ta amsa sunanta na ɗaya daga cikin garuruwa mafi zafi a Afirka, ko da damina. A can saƙona ya tafi, ƙanena ya kira a rikice yana tambayar ko lafiya. Daga nan sai Diboli, inda manyan motocin da ke jigila tsakanin tashar ruwan Dakar da Bamako suka yi layi iya ganinka. Muka haye gadar kogin Faleme muka shiga Kidira, ƙasar Senegal. Tambakunda, Kafrin, kukoki manya-manya, gonakin gyaɗa, sai ga tsibin gishiri fari fat a bakin kogin Salum. Ranar Lahadi da safe, kwana tara cif, muka sauka Kaulaha.

Madina Baye ta cika ta batse. Unguwa ce da Shehu Ibrahim Inyas ya kafa wajen 1930. An haife shi a Taiba a 1900, ya rasu a Landan a 1975, kuma haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937 ce ta buɗe hanyar da muka biyo. Shi ya sa duk lungun da ka shiga sai ka ji Hausa, ga ta Kano, ga ta Damagaram, ga ta zangon Kumasi. Wani gida na Wolof ya sauke mu, mu ashirin a ɗaki da baranda, ko dala ba su karɓa ba. Da rana aka kawo cebu jen, shinkafa da kifi a babban faranti, aka zagaye shi. Uwar gida ta zauna tana gutsuro kifi da kabeji tana turawa gaban kowane baƙo, wanda a wajenmu da wuya matar gida ta zauna cin abinci da baƙi maza. Bayan nan shayi zagaye uku. Kalma ɗaya na iya, jerejef, wato na gode, na kuwa yi ta zuba ta.

Daren Mauludi ban iya kwatanta shi ba sai in ce ƙasa ma tana amsa La'ilaha illallah. Na riƙe Baffa muka kutsa har hubbare, ya tsaya yana hawaye ba sauti. Da muka fito takalmana sun yi gaba. Na taka ƙasa har masauki, ban ji komai ba, har ina yaba wa kaina cewa lallai na fara zama mutum.

Ranar Talata 17 ga wata ta nuna mini matsayina. Muna karyawa sai labari ya shigo cewa da asuba an kai hari Bamako, a makarantar horar da jandarmomi ta Falaje da kuma filin jirgin sama, an kashe mutane da yawa. Falaje kuwa maƙwabciyar Sogoniko ce. Kafin in san na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kayana!"

Ɗakin ya yi shiru. Baffa ya ajiye kofinsa. Bai ɗaga murya ba. "Ɗana, 'ya'yan mutane aka kashe da asuba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Can ya ce, "Kira mutumin nan. Ka tambaye shi lafiyarsa da ta iyalinsa. Kada ka ambaci shadda."

Ban taɓa yin waya mai wuyar wannan ba. Fatoma ya ɗauka, muryarsa a dashe, ya ce sun kwana jin harbi, yara sun firgita, amma kowa lafiya. Tambayar tana kan harshena kamar garwashi. Na yi masa jaje, na yi addu'a, na kashe. Shi ma bai ce komai a kan kaya ba.

Kwana uku na ƙara a Kaulaha ban san ko ina da dila biyu ko ba ni da su ba, kuma a cikin tafiyar duka nan ne na fi shan aiki. Duk sanda tunanin ya taso sai in zaro rasiɗin nan in karanta bayansa. Na zauna na ƙaddara kayan sun tafi. Na lissafa wata nawa zan yi kafin in biya abokaina, na ga zan iya in na sayar da babur. Na ƙaddara fuskar mai ɗakina in na gaya mata. Da na bi asarar har ƙarshenta sai na tarar akwai ni a can, da rai, da sallah, da hannu biyu. Ran nan na ci cebu jen har na nemi ƙari. Washegari tunanin ya dawo, na sake bin sa daga farko. Na gaya wa Baffa abin ba ya zama, ya ce shi ma shekara arba'in ke nan kullum sai ya sake, kamar alwala.

Wasu daga cikin ayarinmu suka nemi kuɗi daga gida suka bi jirgi ta Dakar, kuma ba wanda ya zarge su. Mu muka juyo ranar Juma'a ta hanyar da muka zo. A dajin Jema na nemi wurin da muka kwana ban gane shi ba, ciyawa ce kawai kamar ko'ina. Shiga Bamako ya ɗauke mu rabin yini saboda bincike. Fatoma ya buɗe ɗakin ajiya, ga dila biyu yadda na bar su, sai ɗan jirwayen ruwa a gefen ɗaya. Na yi hamdala, kuma na lura murnar ba ta kai yadda na zata ba.

Kafin mu bar kasuwa na ce ya kai ni wajen masu farin yadi, na yanki abin da zai isa, na cusa a tsakiyar dila. A Bitu na yi gyangyaɗi, ko da yake duk babur ɗin da ya wuce sai na buɗe ido ɗaya. Mun iso gida ranar ƙarshe ta Satumba, ƙafafun Baffa a kumbure, yana ta lissafin Mauludin baɗi. Na sallami abokaina, na ba mai ɗakina ribar adashinta. Da take kwance kayan ta ci karo da farin yadin, ta ɗaga shi ta ce wannan ai sai a yi mini jamfa ta Sallah. Na karɓa na ɗora a kan kwaba, na ce ta bari tukuna.